Ranar da Itria Ta Ɗaga Ƙofar Tafki

Itria Cadoni ƙanwar mijina ce, amma tun kafin in san zan auri yayanta muke tare. Layinmu ɗaya a Arenedda, benci ɗaya muka zauna a firamare, kuma rana ɗaya aka kore mu daga ajin waƙar coci saboda dariya. Ni 'yar mai gasa burodi ce, ita 'yar masunci. Ubanta, Baba Antioco, 'ya'ya biyu Allah ya ba shi, Bachisio da ita, kuma duk garin an san ba namijin ne ya gado shi a ruwa ba. Bachisio ya iya magana a taro, ya iya shawo kan 'yan kasuwa. Itria kuwa tafki ta iya.

Tun tana shekara bakwai take bin uban a kwalekwale. Idan rana ta take tsaka sai ya ajiye sandar tuƙi, ya ce ta leƙa ƙasa. Tafkin namu ba shi da zurfi, inda ya fi nisa da ƙyar ya shanye mutum, kuma a wancan zamani ƙasansa shimfiɗe yake da ciyawa tun daga bakin teku har gindin gonaki. Da tsakar rana kowane ganye sai ka gan shi ɗauke da ƙananan kumfa jere kamar duwatsun wuya, suna saki ɗaya bayan ɗaya suna tasowa sama. Baba Antioco yakan ce, "Kin gani? Ciyawar tana numfashi. Muddin tana haka, ba za mu kwana da yunwa ba." Abin da ya sani ke nan game da ita, kuma ya ishe shi har ya bar duniya.

Itria ta auri Doddore, mutum mai sanyin hali, shi ma ɗan ƙungiyar masunta. Yana da shekara arba'in da huɗu zuciyarsa ta tsaya yana cikin jan taru, ya bar ta da 'ya ɗaya, Luisella. Bayan an yi kwana arba'in sai ta sa baƙaƙen kayanta ta je ɗakin taron ƙungiya ta ce a ba ta gurbin mijinta. Ba a taɓa yin mace a ƙungiyar ba. Aka yi ta 'yan dariya, Tottoi, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "To gobe kuma mu sai mu zo ku koya mana wankin tukunya." Ta ce masa, "Fara da wankin wuyanka." A ƙarshe, don kunyar yayanta, suka ba ta aikin da kowa ke gudu: gadin shinge.

Shingen yana can inda tafki ya haɗu da teku, da ƙofofin ƙarfe huɗu da ake ɗagawa da sarƙa, da 'yar bukkar siminti a gefe. A watan Maris ƙananan kifin da muke kira lissa ke shigowa daga teku, a sauke ƙofofi a bayansu, su yi ta kiwo cikin ciyawa. Idan Satumba ta zo, cikinsu ya cika da ƙwai, sai su nufo teku, su tarar da ƙofa rufe, maza su kwashe su. Mu mata mu fafe cikin kifin mu ciro ƙwan, mu sa gishiri, mu danne da katako, mu shanya. Wannan busasshen ƙwai shi ne shekararmu gaba ɗaya. Da shi ake aure, da shi ake gyaran rufi, da shi yara ke zuwa makaranta a birni. Shekara goma sha tara Itria ta yi tana gadin wannan ƙofa, sauro ya ci ta, gishiri ya farfasa mata hannu, ba ta taɓa barin ɓarawo ya ɗauki kifi ɗaya ba.

A shekararta ta goma sha biyar a can ne wata mata ta zo daga jami'a da mota cike da akwatuna. Dakta Ornella sunanta, doguwa, mai furfura tun ba ta tsufa ba. Tana neman wanda zai riƙa kai ta tsakiyar tafki duk bayan awa huɗu, kwana biyu a jere, don ta yanko ganyen ciyawa. Maza suka ce ba su da lokacin wasan yara. Itria ta ce ta shigo.

Da farko ba'a take mata. Matar takan yanko ganye ta jefa cikin wani filas mai fitar da hayaƙin sanyi, ta rubuta lokaci, ta zura wata na'ura cikin ruwa ta karanta lamba. Itria ta ce mata, "Dakta, ciyawar ɗazu ai ita ce ta yanzu. Ko kina tsammanin ta sake riga?" Matar ta yi dariya ta ce, "Ta sake fiye da riga." Suna tafe tana yi mata bayani, Itria tana tuƙi tana saurare, har ba'ar ta ƙare da kanta.

Da ta dawo gari sai ta faɗo ɗakin girkina ko sallama babu, ta ja kujera.

"Matar yaya, ajiye ludayin nan ki ji abin mamaki. Ciyawar nan agogo gare ta."

"Ke dai rana ta dafa miki kai."

"Na rantse miki. Kafin gari ya waye take fara shiri, tun haske bai iso ta ba. Ba kamar mijinki ba da sai an yaye masa bargo. Da rana ta sha haske, ta haɗa sukari, ta tura ƙasa cikin saiwa ta ajiye. Kumfar nan da Baba ke nuna mini, iskar da kifi ke shaƙa ce take zubawa a ruwa. Har saiwarta take aika wa iskar ta cikin ganye, don kada dafin laka ya shige ta. Idan dare ya yi kuma sai ta koma kamar ni da ke, ta ci daga ajiyarta, ta shaƙi iskar da ta zuba da rana. Ita na sha, kifi na sha, laka na sha. Shi ya sa da asuba ruwa ya fi talauci. Duk wanda zai mutu a tafki, da asuba yake mutuwa."

Na ce, "To sai me? Ai haka take tun zamanin kakanni."

"Dole ne abin da ta samu da rana ya fi abin da ta ci da dare. In ba haka ba ta shiga uku, mu ma mun shiga."

Shekara biyu Dakta Ornella tana zuwa tana komawa, sannan aikinta ya ƙare, aka tura ta wata ƙasa. Da za ta tafi ta bar wa Itria tsohuwar na'urar awon iska, mai kamar tocila da doguwar igiya. Daga nan Itria ba ta fasa ba: da asuba ta auna, da azahar ta auna. Da asuba lambar takan tsaya wajen biyar ko shida, da azahar ta haura goma. Maza suka sa mata suna Likitar Ciyawa.

Shekarar da abin ya faru, guguwar hunturu ta tara yashi a bakin mashiga har ruwan teku da ƙyar yake wucewa, inda da yakan kai ƙirji ya koma iyakar gwiwa. A watan Mayu aka yi ruwan sama irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba, ya wanko takin gonaki da na garken shanu ya zuba mana. Sai Yuli ya shigo da zafi, iska ta ɗauke ɗif. Ruwan tafki ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, ya fara kore, ya yi kauri, har in ka zura hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka.

Itria ta daina barci. Lambar asuba ta sauko huɗu, ta sauko uku. Ta azahar ma ta ƙi tashi, don haske ba ya ratsa koren ruwan ya kai ga ganye. Wata safiya ta zo mini da saiwa a hannu, ta ɗora kan teburina kusa da kullun burodi.

"Sansana."

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Saiwar da na sani mai ƙwari, wadda muna yara mukan tauna mu ji ɗan zaƙi, ta yi baƙi ta yi laushi, ta murmushe a tsakanin yatsunta.

"Ta cinye ajiyarta," in ji ta. "Zafi yana sa ta ci da yawa, duhu ya hana ta samu. Peppica, yunwa ce ke kashe ta a tsakiyar rani."

Ta kira Dakta Ornella a waya. Matar ta ce mata ƙasa da biyu kifi zai fara shaƙewa, a buɗe bakin mashiga ko ta halin ƙaƙa, ita kuma za ta rubuta wa duk wanda ta sani. Itria ta hau motar safe zuwa birni, ofishin da ke kula da ruwaye. Makon hutun tsakiyar Agusta ne, kowa ya tafi bakin teku da iyalinsa. Mutum ɗaya ta tarar, yana fifita da takarda. Ya saurare ta da ladabi, ya ce motar haƙa sai an rubuto, an zauna, an tantance, wataƙila Oktoba. Ta ce masa, "Ɗana, Oktoba gawa za ku zo haƙa wa rami." Ya ce ya fahimta, amma makullin ba a hannunsa yake ba. Ta ajiye masa ruɓaɓɓiyar saiwar a kan tebur ta fito.

Kashegari ta ɗauki shebur ta nufi bakin mashiga. Na bi ta rana ɗaya, don na kasa zama. Mata biyu masu shekara hamsin da takwas, cikin ruwa iyakar cinya, muna haƙar yashin da ya fi filin ƙwallo faɗi. Duk shebur ɗin da muka kwashe, kafin mu juyo yashi ya zamo ya cike gurbin. Wajen ƙarfe goma na ce mata, "Itria, wannan aikin banza ne." Ba ta ɗago ba. Hawaye da gumi sun haɗu a fuskarta, tana haƙa tana magana ita kaɗai, "Ko taƙi ɗaya. Ko taƙi ɗaya ya shiga." Tafin hannunta ya ɗaye, ta naɗe shi da ɗankwali ta ci gaba. Kwana uku ta yi a haka.

A rana ta huɗu ta zo gidanmu lokacin cin abincin rana. Bachisio a lokacin shi ne shugaban ƙungiya. Na zuba mata taliya, ba ta ko kalli kwanon ba.

"Yaya, yau ɗaya da rabi na gani. Kifi sun taru a bakin shinge kamar ana koro su, bakinsu a sama. A ɗaga ƙofofi su fita."

Ya ajiye cokali. "Ki sake faɗa in ji."

"A ɗaga ƙofofi."

"Saura mako uku ƙwai ya nuna. Gida ashirin da biyu sun zuba wa kifin nan ido tun Maris. Ki ce in buɗe masu hanya in yi masu Allah ya kiyaye?"

"In sun fita za su yi ƙwai a teku, 'ya'yansu su dawo mana. In sun mutu a ciki, ruɓarsu za ta shanye sauran iskar, ta ƙarasa ciyawar. Bana kawai za mu rasa, ko mu rasa har abada. Zaɓi ɗaya."

"To mu kwashe su yanzu mana," na sa baki.

"Wa zai saya?" in ji Bachisio. "Lissa ba ƙwai, a zafin Agusta, da warin laka? Ko kyauta ba mai karɓa." Ya juya gare ta. "Iskar yamma na zuwa. Na ga zafin da ya fi wannan, ke ma kin gani. Kwana biyu ta busa, ruwa ya juya, shi ke nan."

"In ba ta zo ba fa?"

"In kuma ta zo bayan kin sake su fa? Ke za ki je ki gaya wa matar Tottoi abin da za ta ba yara? Wata tocila da baƙuwa ta bar miki ita ce za ta raba mu da abincinmu?"

"Ba tocila ba ce, Yaya. Je ka sansana ruwan da hancinka."

"Na girme ki ne ko kin girme ni? Ƙofa tana nan a rufe. Magana ta ƙare."

Da yamma aka yi taro, ta sake faɗa a gaban kowa, har ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ɗan Adam ba. Tottoi ya ce Likitar Ciyawa ta rubuta wa tafki allura. Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta da ƙarfi, don su ma sun ji warin. Tsoro ne ya hana su, ba taurin kai kaɗai ba. Aka tsaya a kan a jira iska.

Gari bai gama wayewa ba na ji ana ƙwanƙwasa tagar ɗakin girki. Na tashi dama don kwaɓa burodi. Ita ce, jiƙe sharkaf har wuya.

"Lambar ba ta kai ko ɗaya ba," ta ce da raɗa. "Kifi sun fara juya ciki. Sarƙar ta yi tsatsa, mutum ɗaya ba ya iya murɗa ta. Zo ki kama mini."

Na waiga wajen ɗakin da mijina ke kwance. Shekara talatin da biyar ban taɓa yin abu a bayan idonsa ba.

"Itria, ki rufa mini asiri."

"Ba don ni ba, Peppica. Minti goma."

"Ba zan iya ba."

Ta dube ni, ta hau kekenta. Ni kuma na koma na zura hannu cikin kullu, na ƙi tada Bachisio, na ƙi bin ta. Har yau ban san sunan abin da na yi ba.

Ita kaɗai ta ɗaga ƙofofin. Ta zura sandar ƙarfe cikin abin murɗawa ta rataya da dukkan nauyinta. Uku suka tashi. A ta huɗu sandar ta kuɓuce ta fizge mata kafaɗar dama, wani abu ya tsinke a ciki. Waɗanda suka fara isa sun ce sun tarar da ita zaune a bakin siminti, hannu na reto, tana kallon kifi suna tururuwa ta cikin ɗan ruwan da ya rage a mashiga, suna hawa bayan juna, wasu har kan yashi suna birgima zuwa teku. Sun ce ruwan ya koma azurfa tsantsa, ƙarar kamar ana tafi. Kafin a sauke ƙofofin, abin da ya kai rabin kifin shekara ya fice.

Tottoi ya ɗaga hannu zai mare ta, Bachisio ya riƙe shi. Shi bai yi mata tsawa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba ni makullin bukka." Ta ciro da hannun hagu ta miƙa masa.

Bayan kwana biyu tafkin ya wayi gari fari fat kamar an zuba madara. Warin ya shigo har cikin coci. Sauran kifin duka suka taso, manya da ƙanana, har irin waɗanda ban san muna da su ba, da ƙaguwa da jatan lande, suka yi layi a bakin gaɓa tun daga shinge har gonaki. Na ga maza da suka binne iyayensu ba su yi kuka ba suna tsaye da kwanduna suna share ido. A lokacin ne motar haƙa ta zo, ta haƙa rami a bayan gari, aka yi kwana uku ana zubawa. A rana ta biyar iskar yamma ta taso, mai sanyi, mai ƙarfi, ta yi ta kaɗa labule kamar ba abin da ya faru.

Za ka ce wannan ya wanke ta. Bai wanke ta ba. Maza suka ce kifin da ta saki su ne na bakin shinge, inda ruwa ya fi dama-dama, da an bar su da sun kai ga iskar, da an tsira da rabin shekara. Itria ta ce da sun mutu tun a safiyar. Babu mai iya tabbatarwa, ni ma na juya abin a raina ya fi sau dubu. Mutumin da ya rasa komai yana bukatar fuskar da zai ɗora wa laifi, zafi da yashi kuwa ba su da fuska. Aka kira taro aka ce wanda ya yarda a cire ta ya ɗaga hannu. Hannu ashirin suka tashi. Bachisio ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ɗaga nasa.

Hunturun nan ba wanda ya shanya ƙwai a Arenedda. 'Ya'yan Tottoi biyu suka tafi Jamus aikin gini, gida shida suka bar ƙungiya. A kanti in Itria ta shigo sai hira ta mutu. Wani ya zuba mata ruɓaɓɓen kifi a ƙofar gida. Ni kuma, da na hango ta tafe sai in sauya layi. Ba fushi nake da ita ba, idonta ne ba na iya haɗawa da nawa. Luisella ta zo daga birnin Torino ta yi ta roƙo ta bi ta, ga asibiti a gyara kafaɗar, ga jikoki. Ta ce ba inda za ta. Da rani ya zagayo ta samu aikin gyaran ɗakuna a wani otal na bakin teku, tana shimfiɗa zanin gado da hannu ɗaya da rabi.

Ƙananan lissa sun dawo a watan Maris, da yawa kuwa, amma suka tarar da laka tsirara, ba wurin ɓuya, ba abin ci. Ciyawar ta mutu ko'ina sai wani ɗan fili kusa da mashiga. Ba saiwar da za ta riƙe ƙasa, don haka iska kaɗan sai laka ta tashi ta dagula ruwa, haske ya kasa sauka.

Wata safiya a ƙarshen Maris na je kai wa Bachisio abinci bakin shinge, sai na hango mutum can gefen arewa cikin ruwa iyakar ƙirji. Ruwan Maris yana yanka kamar wuƙa. Na tsaya na duba da kyau. Itria ce, da bokiti ɗaure a ƙugu, tana nutsewa tana tasowa. Na ajiye kwandon na zagaya ta kan gaɓa har na iso kusa.

"Ke! So kike ki mutu?"

Ta juyo, leɓɓanta sun yi shuɗi. Wata bakwai ke nan ba mu yi magana ba.

"Matar yaya, in kin zo kallo ne ki matsa, kina tare mata rana."

Saro ciyawar take daga ɗan filin da ya tsira, dunƙule-dunƙule da lakarta, tana dasawa a wuraren da ba zurfi, inda haske zai iya kai wa. Na tuɓe takalmi na shiga na karɓi bokitin. Na buɗe baki zan yi maganar waccan asubar, ta ce, "Riƙe da kyau, kada ki zubar." Ba mu sake tada zancen ba.

Dashen farko duk ya mutu kafin Yuli, laka ta lulluɓe ganyen. Shekara ta biyu muka dasa ɗari da ashirin, muka kafa kara kewaye don rage igiyar ruwa. Talatin suka kama. Itria takan je kullum kafin ta tafi otal, ta shafe lakar da ke kan ganye da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taje kan yarinya. Suka fara miƙa saiwa, suka haɗe, wuri ya kai faɗin ɗaki. Na ga ta yi dariya har da haƙora, karo na farko tun abin.

Sai ga shuɗiyar ƙaguwa. Ba mu san ta ba a da, jiragen ruwa ne aka ce sun kawo ta daga wata duniya. Faɗinta ya kai tafin hannu biyu, tana yanka taru kamar almakashi, tana tona laka neman abin ci. Cikin mako biyu suka tumɓuke abin da muka yi wata uku muna reno. Ranar da muka je muka tarar da ganye na yawo a saman ruwa, Itria ta zauna daɓas cikin laka, ruwa har wuyanta, ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta yi ta dukan ruwa da hannun hagu tana cewa, "Me na yi maka? Me kuma kake so in ba ka?" Ban san ko da tafki take ba ko da Allah. Na rungume ta ta baya na ja ta zuwa gaɓa. Kwana tara ba ta fita daga gida ba, na riƙa kai mata miya tana mayar mini da ita yadda na kai.

A rana ta goma ta zo gidanmu da tsakar rana, ta rame, idanu sun faɗa. Rabonta da taka ƙofar nan tun ranar taliya. Bachisio na zaune a tsakar gida yana ɗinkin tarun da ƙaguwa ta yayyaga. Shi ma shekarun sun ci shi, ƙungiyar da ya shugabanta ta koma mutum tara. Ta wuce shi ta tsaya a gabana.

"Dunƙule bakwai sun rage a gindin kara. Keji nake so in kifa masu. Gadon Inna na ƙarfe yana nan a ɗakin ajiya?"

"Yana nan."

"Ragar ƙasansa nake so."

Muka shiga muka ture buhuna da tsofaffin kujeru, muka jawo shi. Nauyi gare shi, ita kuma hannun dama ba ya ɗaguwa sama da ƙugu. Muka fito da shi da ƙyar, ƙafarsa na jan ƙasa. Bachisio ya ɗago kai.

"Gadon da aka haife mu a kai ke nan."

"Na sani, Yaya."

"Ruwan gishiri zai cinye shi kafin Kirsimeti."

"Agusta kawai nake so ya kai."

Ya dube ta, ya dubi gadon. Ya ce ramukan ragar sun yi faɗi, ƙananan ƙaguwa za su shige, sai an ninka da wayar kaji, kuma akwai saura a bayan ɗakin girki in ba ta yi tsatsa ba. Bai tashi ya kama mana ba. Ya mayar da kansa kan tarunsa, mu kuma muka ɗora gadon a kan baro, na kama hannu ɗaya ta kama ɗaya, muka bi ta tsakiyar gari da shi mutane na leƙowa ta taga.

Yau sha ɗaya ga Yuli. Gadaje huɗu ne yanzu a cikin ruwa, don wasu mata biyu sun aiko da nasu ba tare da sun ce a faɗi sunansu ba, na huɗun kuma a juji muka tsinto. Dunƙule biyar ne ke raye daga cikin bakwai. Rediyo ya ce mako mai zuwa zafi zai kai digiri arba'in da biyu, kuma tun shekaranjiya ko ganyen zaitun bai motsa ba. Itria ta ce in zo bakin mashiga da shebur gobe.